Madubin Bindigar Iska: Yadda Ƙarfin Zuƙowa Ke Shafar Saiti da Natsuwar Hannu

Idan kana amfani da bindigar iska wajen rage ɓeraye a sito ko a ɗakin kaji, ko kuma ƙungiyarku na shirin sayen ɗaya, za ka tarar da tambayar madubi tana jiranka a shago. Mai kaya zai nuna maka ƙarami mai lamba 4, sannan ya ɗauko wani ƙato mai lamba 16 ko 24, ya ce da wannan ko gashin bakin ɓera sai ka ƙirga. Bai yi ƙarya ba, za ka ƙirga ɗin. Amma ganin ɓera daban, samunsa daban. Madubi ido yake taimaka wa, ba ya riƙe maka hannu. A nisan da ake harbi a gida da gona, wato mita 10 zuwa 25, ƙarfi 4 zuwa 6 ya ishe ka, kuma wanda ya wuce haka sau da yawa cikas yake kawowa. Ga dalilan, da yadda za ka gwada da kanka.

Kafin maganar madubi

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin bindigogin da sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. Kada ka ɗauka tunda ba ta cin albarushi abin wasan yara ce. Ka je hedikwatar 'yan sandan jiharku ka ji halin da ake ciki kafin ka fitar da kuɗi. Wanda ke Nijar ko Gana ko wata ƙasa, shi ma ya tambayi hukumar wajensu.

Sannan ka tuna yanayin tsaron da muke ciki. Daga nesa, musamman da dare, bindigar iska mai madubi ba ta da maraba da babbar bindiga. Mai unguwa da 'yan sintiri su san da ita, kuma kada ka riƙa yawo da ita a hanya a buɗe.

Ma'anar lambobin jikin madubi

Idan ka ga an rubuta 4x32, lamba ta farko ita ce ƙarfin zuƙowa: abu zai bayyana kamar ya matso sau huɗu. Ɓeran da ke mita 20 za ka gan shi kamar yana mita 5. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato 32.

Idan kuma ka ga 3-9x40, wannan mai juyawa ne. Akwai zobe kusa da inda kake sa ido, kana murɗa shi daga ƙarfi 3 har zuwa 9, gilashin gaba kuma milimita 40 ne. Layukan nan biyu da suka gitta juna a ciki, su za mu riƙa kira gicciye.

Rawar da kake gani, taka ce

Mutane da yawa na cewa madubi mai ƙarfi yana sa bindiga rawa. Ba haka ba ne. Rawar dama tana nan, daga bugun zuciyarka, da numfashinka, da gajiyar damtse. Madubin fito da ita kawai ya yi.

Yi wannan lissafin. Daga kafaɗarka zuwa bakin bindiga kusan mita ɗaya ne. Idan bakin ya gusa da milimita ɗaya tak, a nisan mita 20 ƙwayar darma za ta kauce da kusan santimita 2. Wannan kaucewar ɗaya ce, ko madubinka na kan 3 ko yana kan 24. Bambancin a idonka yake. A ƙarfi 3 za ka ga gicciye na ɗan lilo a kan ɓeran. A ƙarfi 12, lilon nan ɗaya zai bayyana ninki huɗu, kamar bindigar za ta kuɓuce maka.

To, matsalar daga nan take farawa. Da zarar ido ya ga rawa mai yawa, sai jiki ya shiga kokawa da ita. Ka ƙanƙame bindiga, jijiyoyi su ɗaure, rawar ta ƙaru da gaske. Ka riƙe numfashi ya wuce kima kana jiran gicciye ya tsaya cak, alhali ba zai tsaya ba. A ƙarshe sai ka fizgi kunamar bindiga daidai lokacin da gicciye ke wucewa ta kan abin hari, fizgar kuma ita ce ke jefa ƙwayar gefe. Ka ga ke nan madubin bai ƙara rawa da kansa ba, amma ya sa ka ƙara ta.

Dubi masu gasar harbi. A gasar Olamfik ana harbin bindigar iska a tsaye daga mita 10, tsakiyar abin harin ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kuma ba a yarda da madubi mai zuƙowa ba sam. Abin da ke kai su ga nasara shi ne tsayuwa, da numfashi, da iya taɓa kunama. A Ingila kuma akwai gasar da ake kira Field Target, inda ake harbi har yadi 55 da manyan madubai masu ƙarfi 30 zuwa sama. Sai dai su galibi a zaune suke harbi, da bindigogi masu nauyi, a kan ƙarfen da ba ya gudu, kuma babban amfanin wannan ƙarfin a wajensu shi ne gane nisan abin hari. Kai kuwa kana tsugune bayan buhuna da magariba, abin harin naka kuma ba ya minti ɗaya wuri guda.

Abubuwa huɗu da kake rasawa idan ka ƙara ƙarfi

*Na ɗaya, faɗin gani.* A yawancin madubai masu 3-9x40, a nisan mita 20 za ka ga wuri mai faɗin mita biyu da 'yan kai idan zoben na kan 3. Idan ka kai shi 9, abin da za ka gani bai cika mita ɗaya ba. Ɓera ya yi tsalle ɗaya ya fice daga gilashi, kai kuma ka shiga lalube. Abin da ya fi wannan muhimmanci: idan yaro ko akuya ko kaza ta nufo inda kake auna, a ƙaramin ƙarfi za ka gan ta tun daga gefe. A babban ƙarfi ba za ka gani ba sai ta shigo gaban bindiga.

*Na biyu, haske.* Raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin zuƙowa, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isowa idonka. Madubi 4x32 yana ba da milimita 8. Mai gilashi 40 a ƙarfi 6 yana ba da kusan 7, a ƙarfi 9 kusan 4 da rabi, a ƙarfi 16 kuwa 2 da rabi kacal. Baƙin tsakiyar idon mutum yana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 da rana, a duhu kuma ya buɗe zuwa 5 ko 7, gwargwadon shekaru. Shi ya sa babban madubi yake kyau tas a ƙofar shago da rana tsaka, amma cikin sito da almuru sai hoton ya dushe. Ɓera kuma ai ba da rana yake fitowa ba.

*Na uku, sauƙin sa ido.* Idan kaurin hasken nan ya ragu, dole idonka ya zauna daidai tsakiya. Ka ɗan karkata kai kaɗan, sai baƙar inuwa ta rufe gefe, ko hoton ya ɓace gaba ɗaya. A ƙaramin ƙarfi kana ɗaga bindiga kake gani.

*Na huɗu, zamewar gicciye.* Miƙa hannunka, ka saita babban yatsa da wata bishiya, sannan ka motsa kai hagu da dama. Za ka ga yatsan na zamewa daga bishiyar alhali bai motsa ba. Haka ke faruwa cikin madubi idan nisan da aka daidaita shi a kai ya saɓa da nisan da kake harbi. Yawancin madubai na manyan bindigogi a masana'anta an daidaita su ne a kan yadi 100, kusan mita 91. Idan ka ɗora irin wannan a bindigar iska kana harbi a mita 20, gusawar idonka da milimita ɗaya daga tsakiya na iya kautar da saiti da kusan milimita 3 a ƙarfi 4, amma a ƙarfi 9 ya kai kusan milimita 7. A kan ɓera, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙari a kan haka, abin da ke kusa yakan yi dishi-dishi a babban ƙarfi.

Maganinsa shi ne madubi mai zoben daidaita nisa. Za ka ga haruffan AO a kwalinsa, da lambobin nisa zagaye da gilashin gaba, wani kuma maɓallin a gefe yake. Ka nemi wanda ke saukowa har yadi 10. Yadda za ka tabbatar ya daidaitu: ɗora bindiga a kan buhu, kada ka taɓa ta, ka leƙa kana ɗan motsa kai. Idan gicciye ya tsaya a kan abin hari, ya yi. Idan yana yawo, ƙara murɗawa.

Inda babban ƙarfi ke da amfani

Ba a ce ba shi da rana ba. Yana da amfani wajen daidaita saiti a kan kwali, saboda za ka ga hudar kowace ƙwaya ba sai ka taso ba. Yana da amfani idan bindigar na kwance a kan buhun yashi, da hasken rana, abin hari kuma a tsaye yake a mita 25 zuwa 30. Yana kuma taimakawa ka tantance abin da kake kallo, ko hasbiya ce ko tattabarar maƙwabci. Ka duba da babban ƙarfi, ka tabbatar, sannan ka mayar da zoben ƙasa.

Wane ƙarfi, a wane wuri

- Cikin sito, ɗakin kaji ko gindin rumbu, mita 5 zuwa 15, haske kaɗan: ƙarfi 3 ko 4.
- Tsakar gida, masussuka ko wajen shanya, mita 15 zuwa 25, kana zaune ko ka jingina: ƙarfi 4 zuwa 6.
- Harbi a tsaye ba majingina: kada ka wuce 4, kuma ka rage nisa.
- Daidaita saiti a kan buhun yashi da rana: 9, ko iyakar abin da madubin ke da shi.

Ƙa'idar a taƙaice: ka zaɓi mafi ƙanƙantar ƙarfin da zai nuna maka daidai wurin da kake son ƙwayar ta sauka. Idan kana ajiye bindiga, ka bar zoben a kan ƙaramar lamba. Ƙarawa idan akwai lokaci abu ne mai sauƙi, amma ragewa bayan ɓera ya ɓullo a gabanka, kafin ka gama ya shige rami.

Irin bindigarka ma na da magana

Bindigar da aka fi samu ita ce mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Tana da wata ɗabi'a: idan ta tashi, takan yi baya sannan ta yi gaba da ƙarfi. Wannan girgiza mai fuska biyu tana kwance gilasan madubin da ba don ita aka yi shi ba, ko da kuwa yana jure babbar bindiga. Saboda haka ka tambaya ko an ƙera madubin don bindigar iska mai sifirin. Idan kuɗinka kaɗan ne, 4x32 mai ƙwari ya fi ƙaton madubi mai araha, domin mara juyawa ba shi da tarkace da yawa a ciki da za su saki. Ƙaton madubi kuma yana da nauyi, yana saurin gajiyar da hannu, yana zamewa baya a kan maɗaurinsa, sannan dole a ɗaga shi sama har kumatunka su rabu da ƙotar bindiga. Kai da ba shi da wurin zama, ido ma ba zai zauna tsakiya ba.

Bindiga mai tulun iska, wadda ake kira PCP, kusan ba ta girgiza, don haka ta fi sauƙin sarrafawa a babban ƙarfi. Sai dai ta fi tsada, kuma tana buƙatar famfo na musamman.

Yadda za ka rage rawar da gaske

1. Nemi majingina. Buhun yashi, turmi da aka kife aka ɗora tsumma, ko sanduna biyu da aka ɗaure suka gitta. Zama ya fi durƙuso, durƙuso ya fi tsayuwa.
2. Idan mai sifirin ce, kada ka ɗora ta kai tsaye a kan katako ko bulo, za ta yi tsalle. Shimfiɗa tafin hannunka a kan majinginar, bindigar ta kwanta a kai sakwa-sakwa, ba ƙanƙamewa. Kullum ka riƙe ta wuri ɗaya, salo ɗaya.
3. Kumatu su zauna wuri ɗaya a kan ƙota a kowane harbi, tsakanin ido da gilashi kuma kamar faɗin yatsu huɗu.
4. Ja numfashi, saki rabi, dakata. Idan daƙiƙa biyar ko shida suka wuce ba ka harba ba, sauke ka sake sabo.
5. Kada ka jira gicciye ya daskare. Bar shi ya yi ɗan lilonsa cikin abin hari, kai kuma kana matsa kunama a hankali har ta tashi.
6. Bayan ta tashi, ci gaba da kallo ta madubi na daƙiƙa biyu. A bindiga mai sifirin, ƙwayar ba ta gama fita ba lokacin da girgizar ta fara.

Akwai kuma zoben da ke can ƙarshe wajen ido. Shi na gyara kaifin gicciye ne, ba na abin hari ba. Kalli farin bango ta madubin, ka murɗa har layukan su fito sarai, ka bar shi haka. Kada ka taɓa kallon rana da shi.

Abubuwa biyu da ke ruɗa mutane

Madubi yana saman bututu da kusan santimita 4 ko 5. Idan ka daidaita saiti a mita 20, a mita 5 ƙwayar za ta sauka ƙasa da gicciye da 'yan santimita, domin ba ta gama hawowa layin ido ba. Wannan ba laifin ƙarfin zuƙowa ba ne, kuma ƙara shi ba ya gyarawa. Ka harba a kwali a mita 5, 10, 15, 20 da 25, ka rubuta inda take sauka a kowanne, ka manna takardar a jikin ƙota.

Na biyu, wasu madubai na da ɗige-ɗige a jikin layukan gicciye don ɗaga saiti ko sauke shi. A yawancinsu, girman gicciye ba ya canzawa idan ka murɗa zobe, hoton ne kawai ke girma. Ma'ana, tazarar ɗigo ɗaya da ke daidai da santimita 2 a mita 20 a ƙarfi 10, za ta zama santimita 4 a ƙarfi 5. Idan ka koyi ɗigoginka a ƙarfi ɗaya, to ka tsaya a kansa.

Gwajin marfin kwalba

Gani ya kori ji. Samo kwali, ka ɗora marfin kwalbar lemo ka zana da'irori huɗu. Jingina shi da buhun yashi ko katangar ƙasa mai kauri, inda ba kowa a baya. Auna mita 20 da igiya.

Harba ƙwaya biyar a da'ira ta farko a ƙaramin ƙarfi, da majingina. Biyar a ta biyu a babban ƙarfi, da majingina. Sannan ka maimaita a sauran biyun ba majingina, a irin zaman da kake yi lokacin aiki. Ka duba abu biyu. Na farko, a wane ƙarfi hudojin suka fi haɗuwa wuri ɗaya? Na biyu, tsakiyar hudojin ta gusa da ka canza ƙarfi? Idan ta gusa ko da majingina, madubin ne ke da wannan aibin, sai ka zaɓi lamba ɗaya ka daidaita saiti a kanta, kada ka ƙara taɓa zoben.

Nisan da kake iya zuba biyar cikin biyar a da'irar, shi ne iyakarka. Idan mita 12 ne, to mita 12 ne, ko madubin na nuna maka abin da ke mita 50. Harbin da ya wuce iyakarka raunata dabba kawai yake yi, ta je ta mutu cikin rami ko ƙarƙashin buhuna, ga azabtarwa ga wari a sito.

Kiyaye kai da amfanin gona

Ƙwayar da ta kuskure ba ɓacewa take yi ba. Tana huda kwanon rufi, tana dawowa idan ta bugi siminti ko ƙarfe, tana iya fasa ido, idan an harba sama kuma takan yi ɗaruruwan mitoci. Kada ka harba wajen buhunan hatsi. Buhun PICS da kake ajiye wake a ciki, amfaninsa duk a rashin shigar iska yake, huda ɗaya ta isa ta ba ƙwari damar rayuwa. Ƙwayar kuma darma ce, guba ce idan ta shiga abinci. Kada ka riƙe ta a baki, kada yara su yi wasa da ita, ka tsince waɗanda suka zube kafin kaji su tsattsage su, ka wanke hannu bayan aiki.

Mushen ɓera kada ka ɗauka da hannu. Wani nau'in ɓeran gida da gona ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa. Sa shebur ko leda, ka binne da zurfi. Mujiya da shirwa da kyanwa kuwa abokan aikinka ne, ɓerayen da suke ci ba ka biya ko sisi.

Ka kuma san iyakar bindigar kanta. Ba ta maganin jan-baki da ke sauka dubbai a gonar shinkafa ko dawa, ba ta kuma ƙarar da ɓeraye a siton da ke da ramuka. Toshe kafofi, ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, share zubabben hatsi, da ɗana tarko, su ne tushen aikin. Bindiga ƙari ce.

Ga ƙungiyoyin manoma

Idan ƙungiya ce za ta saya, lasisi da ajiya su kasance a hannun mutum ɗaya sananne, a kulle, ƙwayoyi a wani wuri daban. Wajen madubi, ku nemi 4x32, ko 3-9x40 mai zoben daidaita nisa, wanda aka ƙera don bindigar iska. Rarar kuɗin da za ku kashe a ƙaton madubi, ku sayi maɗauri mai ƙwari da ƙwayoyi masu kyau iri ɗaya, mai riƙe da bindigar ya ƙarar da gwangwani guda a kan kwali kafin ya auna abu mai rai.